Shekara biyu na yi ina jiran The Callisto Protocol, ga abin da na tarar

Ɗan Ishimura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na ƙarasa wasan bidiyon nan The Callisto Protocol, har da ƙarin babin nan na Final Transmission, kuma tun asuba abin yake cina a rai. Ku yi mini haƙuri, maganar da tsawo.

Waɗanda muka daɗe tare sun san matsayin Dead Space, wasan ban tsoron nan na 2008, a wurina. Ina sakandare yayana ya shigo da Xbox 360 gida, a kanta na fara buga shi, cikin dare, murya can ƙasa don kada Baba ya farka. Akwai daren da na ajiye fad (abin sarrafa wasa) na fito tsakar gida na tsaya ina kallon sama, sai da bugun zuciyata ya lafa sannan na koma ɗaki. Na buga na biyu da ya fito a 2011, na buga na uku na 2013, wanda shi kam ya fara karkata ga harbe-harbe. Daga nan shiru. Da aka rufe Visceral Games, kamfanin da ya yi su, a 2017 sai na cire rai gaba ɗaya.

Kwatsam a Disamban 2020, wurin bikin The Game Awards, aka saki tallan farko na Callisto. Fursuna a ɗakin kurkuku, ga wani haske a ƙeyarsa, ga duhu. Aka ce aikin Glen Schofield ne, mutumin da ya jagoranci Dead Space na farko. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba don murna. Shekara biyu cur ina bin duk wani ɗan guntun bidiyo da suka saki.

Ya fito ranar 2 ga Disamba 2022. Lokacin PS4 ce da ni, na sayi faifan da kuɗin da na yi wata uku ina tarawa. Na kai rabi na ajiye, na ce wa raina laifin tsohuwar na'ura ne. Bana Allah ya hore mini PS5, na faro shi daga tushe, da hedfon, fitila a kashe, na ba shi duk haƙƙinsa. Yanzu ba ni da sauran uzurin da zan yi masa. Wasan nan bai ba ni tsoro ba. Ya sa ni ƙyama, ya zaburar da ni sau biyu ko uku, ya ba ni haushi sau ba adadi. Amma tsoro irin wanda kake tsayawa a bakin ƙofa kana shawarar ka shiga ko ka fasa, ko sau ɗaya ban ji shi ba.

Mai Kulki:
Wa alaikumus salam. Yaya, da girmanka, amma ban yarda ba. Ni na buga shi sau uku. Ka nuna mini gem ɗaya na 2022 da ya fi shi kyan hoto. Ka dubi gumin da ke fuskar Jacob, jarumin wasan, ka dubi lokacin da ka fito waje cikin ƙanƙara iska na kaɗa ka. Fuskar ɗan fim Josh Duhamel ce sak, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ɗan Ishimura:
Ƙanena, ban yi musun kyau ba. Kyan ɗan maciji ma ai kyau ne. Ba hoto na je saya ba.

Auta:
Don Allah kafin ku yi nisa. Ni ban taɓa buga shi ba, ban kuma buga Dead Space ba. Labarin mene ne? Kuma kada a ɓata mini ƙarshe.

Baban Amira:
Auta, a taƙaice: shekarar 2320 ce, a kan Callisto, ɗaya daga cikin manyan watannin duniyar Jupita. Kai ne Jacob Lee, matuƙin jirgin dakon kaya. Aka kawo wa jirginka hari, ya faɗo, maimakon a cece ka sai aka jefa ka gidan yarin Black Iron ba tare da shari'a ba. Kana farkawa ka tarar wata cuta ta mayar da fursunoni da gandirobobi dodanni. Aikinka ka fita da rai. Akwai wata mace, Dani Nakamura, wadda Karen Fukuhara ta fito a matsayinta, da wani tsohon fursuna Elias da ke nuna maka hanya. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Gimbiyar Dare:
Malam Ɗan Ishimura, na ji daɗi da ka raba kalmomin nan, don a nan mutane ke rikicewa. Ƙyama daban, zabura daban, fargaba daban. In ka ga gawa an farke mata ciki, ƙyama ce. In abu ya faɗo maka daga rufi da ƙara, zabura ce, ko faranti ne ya faɗi a kicin haka za ka zabura. Fargaba kuwa ita ce abin da ke zaune a ƙirjinka alhali ba abin da ya faru tukuna. Callisto ya cika ma'auni da na farko da na biyu, na ukun ne babu.

Ku tuna tatsuniyar Dodo da kakanninmu ke yi mana. Akwai wadda ta taɓa tsayawa ta zayyana maka kamanninsa dalla-dalla? Sai dai ka ji muryarsa a waƙa yana matsowa. Kai ne kake ƙera shi a zuciyarka, shi ya sa ba ka iya fita fitsari bayan an gama. Shi kuwa Callisto tun awa ta farko ya kawo maka dodon gabanka, hanci da hanci, fitila a kansa.

Ɗan Ishimura:
'Yar'uwa, kin riga ni zuwa inda zan je. Bari in faɗi inda nake ganin wasan ya karye, don ni a wurina abu ɗaya ne ya jawo sauran: tsarin faɗa.

A Dead Space, tsoron yana cikin tazarar da ke tsakaninka da abin. Yana can ƙarshen lungu, yana tahowa. Harbi a ka ba ya tsayar da shi, sai ka datse masa gaɓoɓi. To ga lissafi: harsashi nawa ya rage? Ƙafa zan fara cirewa don ya rage gudu, ko hannu don kada ya sare ni? Kowane taku da ya yi, lokacin tunaninka na raguwa. In ya iso jikinka, ka riga ka yi kuskure. Duk wasan an gina shi ne a kan kada ya iso.

A Callisto kuwa dole ne ya iso, kai ma so kake ya iso, don kulkin lantarkin nan shi ne babban makaminka. Sai ka tsaya, ya kawo duka, ka riƙe analok ɗin hagu zuwa hagu, ya sake kawowa ka riƙe dama, ya gaji, ka rufe shi da kulki, in alama ta fito ka ɗana masa harsashi ɗaya. Ba a ma bukatar ka daidaita lokaci, riƙewa kawai za ka yi kafin dukan ya sauka. Hagu, dama, duka. Na farko haka, na hamsin haka, na ƙarshe haka. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Abin da ka yi dambe da shi sau ɗari, ka san yawan naushinsa, ka san inda yake hutawa, ta ina zai ba ka tsoro? Ya zama abokin karawa.

Mai Kulki:
To ai damben ne daɗinsa! Nauyin kulkin nan in ya sauka, yadda fad ɗin PS5 ke girgiza a hannunka, yadda hannun abin ke ɓallewa. Ga safar GRP, ka ɗaga shi sama ka maka shi a jikin ƙusoshin bango ko ka jefa shi cikin fanka. Ni duk sanda na yi haka sai na ji wani sanyi. Kuma ka manta da masu tsiro da jijiyoyi a ciki? In ba ka harbe su da wuri ba su rikiɗe su ƙara ƙarfi. Wannan ba lissafi ba ne?

Ɗan Ishimura:
Jijiyoyin nan tunani ne mai kyau, na ba ka. Da a kansu aka gina wasan da an samu wani abu. Amma ka saurari abin da ka faɗa da bakinka: ka ji sanyi. A wasan ban tsoro. Safar nan ita ce ta ƙarasa kashe shi. Kana shiga ɗaki ka ga ƙusoshi a bango, ka san za a yi faɗa a nan, ka kuma san yadda za ka gama da su. Ɗakin da kansa ya tona asirin abin da ke zuwa.

Baban Amira:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai, in sun zo su uku ko huɗu. An tsara zilliyar don mutum ɗaya da mutum ɗaya. Kyamara ta manne wa na gabanka, na bayanka ya zabga maka, ba ka gan shi ba. Ka mutu ba don ka yi kuskure ba. Sannan allurar ƙarin lafiya, Jacob sai ya durƙusa ya soka a wuya a natse, ana tsakiyar faɗa. Canza bindiga ma haka, nawa kamar me. Da farkon fitowarsa kuma ba ka da ikon tsallake bidiyon mutuwarka, sai ka zauna ka kalli yadda ake yage maka muƙamuƙi karo na goma. Na farko ka kawar da kai, na goma kana duba waya.

Injiniya:
Ku da kuka buga a PlayStation ku gode wa Allah. Bari in yi bayanin abin da ya faru a kwamfuta, don har yau wasu na cewa na'urorin mutane ne marasa ƙarfi. Ba haka ba ne.

Akwai wasu ƙananan umarni da wasa ke ba katin hoto, yadda zai zana haske, inuwa, jini, hayaƙi da sauransu. Dole a fassara su zuwa harshen katin da ke cikin kwamfutarka. A PS5 kowa katinsa iri ɗaya ne, don haka a shirye suke zuwa. A kwamfuta kowa da irin nasa, sai a yi fassarar a wurinka. Mai hankali yakan sa a yi ta tun kafin a fara wasa, ka jira 'yan mintuna a huta. A ranar da Callisto ya fito, ana yin ta ne a daidai lokacin da sabon abu ya fara bayyana a allo. To a wasan ban tsoro, wane lokaci ne sabon abu ke bayyana? Lokacin da dodo ya faɗo. Sai hoto ya daskare na ɗan lokaci, sannan ya faɗo. Daskarewar ta zama sallama, kana ganinta ka san ga baƙo nan. Shi ya sa a ranar farko yawancin ra'ayoyin masu saye a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, suka zama na kushe. Sun saki gyara cikin gaggawa, Schofield ya ce kuskure aka yi wajen ɗora fayil, kuma gaskiya abin ya yi sauƙi daga baya. Amma wanda ya biya dala 60 ya zauna daren farko, ba a maido masa da wannan daren.

Auta:
Yaya Injiniya, yanzu in na saka a laftof zai yi?

Injiniya:
Daskarewar farko an magance yawancinta, amma wasa ne mai nauyi. Turo mini sunan katin hotonka ta gefe in duba maka.

Mai Kulki:
Ni fa gani nake kun shiga da Dead Space a ka, shi ya sa. Ba sunansa Dead Space 4 ba. Da wani kamfani ne da ba a sani ba ya fitar da shi, da yanzu kuna yabo. Tsammaninku ne ya yi yawa.

Gimbiyar Dare:
Ƙanena, wa ya ɗora mana tsammanin? Ma'aunin lafiya a bayan wuya, can kuma a gadon baya yake. Safar ɗaga kaya, can ma akwai irinta. Tattaka gawa don kaya su zubo, daga can ne. Rubutu da jini a bango yana koya maka inda za ka harba, daga can ne. Kowane talla sai an ambaci sunan wanda ya ƙirƙiro Dead Space. In ka sa rigar mutum, ka ɗauki sandarsa, ka yi tafiyarsa, kada ka yi fushi don an kira ka da sunansa.

Kuma ni ko an cire kwatancen, akwai abin da ba zan yafe ba. Saƙonnin murya da kake tsinta a jikin gawarwaki, waɗanda su ne ke ba ka labarin abin da ya faru a gidan yarin, ba ka iya sauraron su kana tafiya. Sai ka tsaya cik a cikin menu har su ƙare. Wasan 2008 ya bar ka kana tafe cikin duhu muryar mamaci na kunnenka, wasan 2022 ya kasa. Wannan muryar da kake ji kana taku ita ce rabin fargabar.

Baban Amira:
Ga rarrafe cikin bututun iska da raɓawa ta matsatsin bango. Na san wasu dabara ce ta ɓoye lokacin da wasan ke loda wuri na gaba, amma sun yi yawa har sun zama kamar su ne wasan. Kullum ina jiran wani abu ya kama ni a ciki, da na ga yawanci ba komai sai na daina jira.

Sai makafin dodannin nan na can ƙasa. Da aka fara nuna su na gyara zama, na ce yauwa, ga inda za a riƙe numfashi. An ce da ji suke farauta. Sai ka lallaɓa ka daɓa wa ɗaya wuƙa, yana kururuwa, jini na tsartuwa, ɗan'uwansa na tsaye taku biyu bai ji komai ba. Daga nan na san ba abin da zai same ni muddin ina tsugune.

Ɗan Ishimura:
Baban Amira, wurin nan ne na ajiye shi a karon farko. Kuma ba mu ma zo kan mai kai biyu ba. Bos ɗaya, wato babban dodo, sau huɗu. Na farko a kan dandamalin nan mai tafiya ya ɗaga mini hankali, ban ɓoye ba. Da ya dawo na biyu, na uku, na huɗu, ba abin da ya sauya, sai na gane ba su da wani ne.

Injiniya:
A nan nake so mu yi adalci, don akwai dalili. Shi kansa Schofield, bayan ya bar kamfanin, ya faɗa a hira cewa ya so a ƙara masa wajen wata uku, kuma an yanke abubuwa daga wasan. Ku kuma dubi kalanda. Callisto 2 ga Disamba 2022, sabon Dead Space da kamfanin Motive suka sake ginawa 27 ga Janairu 2023. Mako takwas cif a tsakani. Ni a ganina ba wanda zai so ya fito bayan wancan. Sauri kuwa ya haifi nawa. Ko damar sake wasan da makamanka na baya babu ita ranar fitowa, sai a Janairu aka ƙaro.

Gimbiyar Dare:
Tunda an zo nan, akwai abin da ya fi wasan kansa damuna. A Satumban 2022 Schofield ya yi rubutu a Twitter yana alfahari cewa ma'aikatansa na aiki kwana shida zuwa bakwai a mako, awa 12 zuwa 15 a rana. Mutane suka yi ca, ya goge, ya ba da haƙuri. Bayan fitowar wasan aka ruwaito cewa wasu da suka yi aiki a kansa, kusan mutum 20, ba a sa sunayensu a jerin ƙarshe ba. A Agustan 2023 aka sallami ma'aikata 32, a Satumba shi ma ya tafi. Duk sanda na ga gumin fuskar Jacob da ƙanena ke yabo, sai in tuna akwai wanda ya kwana a ofis yana zana shi, wataƙila 'ya'yansa sun yi barci ba su gan shi ba. Shi ya sa ba na iya zagin wasan. Takaici nake ji, ba ƙiyayya ba.

Mai Kulki:
Wannan kam gaskiya ne Anti, ban san da zancen sunayen ba. Bai yi daɗi ba.

Auta:
Wai da gaske masu PUBG ne suka yi shi? Wani ya gaya mini a makaranta na ƙaryata.

Baban Amira:
Bai yi ƙarya ba. Krafton na Koriya ta Kudu, masu PUBG, su ne iyayen gidan Striking Distance, kamfanin da aka kafa a 2019 ya yi wasan. Da farko ma cewa aka yi labarin a cikin duniyar PUBG yake, shekaru ɗaruruwa a gaba, sai a 2022 suka janye wannan. Rahotanni daga Koriya sun ce an kashe kusan won biliyan 200, wajen dala miliyan 160 ke nan. An sa ran sayar da kwafi miliyan 5, daga baya masu nazarin kasuwa suka sauko da hasashensu zuwa miliyan 2. A Japan ma bai fito ba, hukumar tace wasanninsu ba ta amince da yawan jinin ba, su kuma suka ƙi ragewa.

Ɗan Ishimura:
Kun ga wannan kuɗin? Ni ina ganin shi ne ya cuce shi. Wanda ya zuba dala miliyan 160 ba zai yarda a yi wasan da rabin mutane za su ajiye don tsoro ba. Dole a yi abin da kowa zai iya gamawa, mai kyau a talla. Jini yana fitowa a talla, fargaba ba ta fitowa. Har a cikin kunshin ƙarin da ake saya daban an sa sababbin hanyoyin mutuwa a matsayin kaya. Wannan ya nuna maka abin da suka ɗauka shi ne ban tsoro.

Ku kwatanta da Signalis da ya fito a Oktoban 2022, mutum biyu suka yi shi a Jamus. Hotonsa kamar na zamanin PS1. Gurbin kaya shida kacal gare ka, kamar yadda Jacob ke farawa da shida. Amma a can duk abin da ka ɗauka sai ka yi tunani, don gawar da ka bari a lungu tana iya tashi in ka dawo. Ko P.T. na 2014, lungun gida ɗaya tal kake ta zagayawa, ba bindiga ba kulki, kuma har yau akwai waɗanda ba su iya ƙarasa shi ba.

Mai Kulki:
To Yaya, Resident Evil 4 fa? Shi ma ai faɗa ne, har da shuri da tare duka da wuƙa, kuma sabon da ya fito a Maris 2023 kai da kanka ka yabe shi a nan. Me ya sa shi ba ka ce ya zama dambe ba?

Ɗan Ishimura:
Tambaya mai kyau, kuma sai da na tsaya na yi tunani. Amsata ita ce a can wuƙar tana cinyewa. Duk tarewar da ka yi, ka rage mata kwana, in ta karye ka shiga uku. Mutanen ƙauyen kuma kewaye ka suke yi, wani da gatari, wani ta taga, mai zarto na tahowa, kai kuma kana da filin gudu, ka hau bene, ka ture tsani. Kana zaɓi kowane daƙiƙa. A Callisto zilliya kyauta ce, ba ta ƙarewa, kulki ba ya karyewa, hanya kuma ɗaya ce miƙaƙƙiya, ko taswira babu don ba a bukatarta. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: ba faɗa ne laifi ba. Faɗan da ba ya cin komai daga gare ka shi ne laifi.

Mai Kulki:
To ka gwada shi a mataki mafi wuya da suka ƙaro daga baya, inda harsashi ke ƙaranci kuma suna saurin rikiɗewa. Ni a nan na ji abin da kake nema.

Ɗan Ishimura:
Ban gwada ba. Wataƙila in yi, amma ba yanzu ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a, na ga an kusa shiga zancen ƙarshen labari. Auta da duk wanda bai gama ba, ku tsallake saƙonni uku masu zuwa. Bismillah.

Gimbiyar Dare:
Na gode Shugaba. Ƙarshen asali ba ƙarshe ba ne. Jacob ya sa Dani a jirgin tsira na ƙarshe, ya tsaya, likita Mahler ta kira shi ta ce akwai wata hanya, sai Ferris, shugaban gandirobobin da ya rikiɗe, ya faɗo wa allo, aka yanke. Wanda ya biya dala 70 a PS5 a nan aka bar shi. In kana son sanin makomarsa sai ka sake biya a Yunin 2023.

Ɗan Ishimura:
Kuma da ka biya, me ka samu? Ka yi awanni kana fafutukar fita, sun ba ka sabuwar guduma, sai a ƙarshe a nuna maka duk a cikin kansa ne. Jacob na rataye, jikinsa a yayyanke, yana gab da cikawa, Mahler na amfani da na'urar wuyansa ta aika da hujjoji waje. Na daɗe ina kallon allo bayan nan. Abin da ya ba ni takaici shi ne, wannan ne wuri ɗaya da wasan ya taɓa mini zuciya. Mutumin da ya gane kayan da ya yi dako suna da hannu a ɓarkewar cutar a Europa, wani watan na Jupita, yana mafarkin kuɓuta alhali ya riga ya ƙare. Ashe suna da labari. Sun ajiye shi a mintunan ƙarshe na abin da yawancin mutane ba za su saya ba.

Baban Amira:
Ni Elias ne ya tsaya mini. Shekaru yana tsara yadda zai fita, ya san kowane lungu na Black Iron, ya fito waje ya mutu cikin ƙanƙara. Da sun ba mu lokaci da shi sosai, da mutuwar ta yi nauyi. Minti kaɗan aka yi aka wuce.

Shugaban Zaure:
An gama. Auta, kana iya dawowa.

Auta:
Na dawo. To yanzu ni me zan yi? Kuɗin gem ɗaya gare ni.

Mai Kulki:
Ka buga shi, amma kada ka saya da tsada. An ba da shi ga masu rajistar PS Plus ta PlayStation a Oktoban 2023, faifansa ma ya sauko sosai. Awa goma ne zuwa sha biyu. Kai da ba ka san Dead Space ba za ka ji daɗinsa, na tabbata.

Gimbiyar Dare:
Ni kuwa cewa zan yi ka sa kuɗinka a sabon Dead Space. Jirgin Ishimura a haɗe yake tun daga farko har ƙarshe, kana iya komawa inda ka baro, kuma ba ka da tabbacin lungun da ka share ɗazu yana nan a share. Akwai inda za a ce ka zaɓa, wutar fitilu za ka kashe ko iskar shaƙa, don ka kunna wata na'ura. Ka kashe fitilu ka ji yadda hannunka zai yi.

Ɗan Ishimura:
Auta, bi maganar Antinka. Callisto kuma kada ka saya, faifaina na PS4 yana nan a ajiye, zan ba ka aro. Sharaɗi ɗaya: ka fara buga shi kafin Dead Space, ba bayansa ba. Ina so in ji daga bakin wanda bai shiga da komai a ka ba, ko Mai Kulki ne ke da gaskiya. In ka kai wurin makafin nan, ka rubuto mana abin da ka ji kafin ka ci gaba.

Auta:
Na gode Yaya, Allah ya ƙara buɗi. PS4 ɗin ta yayana ce, sai ranar Juma'a yake bar mini ita. Zan zo karɓa ranar Alhamis bayan la'asar in sha Allah.

Injiniya:
Ka tanadi data kafin nan. Kada ka fara sai ka sauke duk gyare-gyaren, wanda ke kan faifan tsohon ne.